Goron Zango da Kokon Ifako

Bahaushe ya daɗe da sanin Ikko, wato Legas, tun kafin a shimfiɗa titin dogo, sai dai ba kowa ne ya zo da son ransa ba. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen jihadi a Arewa da rushewar daular Oyo a Kudu sun cika kasuwanni da bayi. Sai a kama mutum a ƙasar Gobir ko Zazzau, a yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya wayi gari a bakin teku. A gaɓar Legas ake loda shi a jirgin ruwa tare da Bayarabe da Banufe da Babarbare, a nufi Bahiya ta ƙasar Brazil. Can, a 1807, bayi Hausawa suka ƙulla tawaye, asirinsu ya tonu. A 1835 kuma Musulmi, bayi da 'yantattu, akasarinsu Yarbawa amma da Hausawa a ciki, suka fito titunan birnin Salvador da takubba. Mai jirgin bai taɓa tambayar wane ne ɗan Katsina, wane ne ɗan Oyo, don ya sassauta wa ɗaya sarƙa ba. Duk wanda ya fara ba da tarihin zamanmu da Yarbawa daga rikicin Ketu ko na Idi-Araba, ya tsallake kusan shekara ɗari biyu.

Ni Bahaushe ne, Kirista, asalinmu ƙasar Zazzau, amma a Agege na yi wayo, inda mahaifina ya yi aikin reluwe har ya ajiye. Mutum irina a Legas kullum cikin amsa tambaya yake. A Zango a ce, "Bahaushe kuma Kirista?" A majami'ar Kudu a ce, "Kirista kuma da hula da babbar riga?" Wannan tsayuwa a tsakiya ita ta sa na riƙa tonon tarihin unguwarmu, har na gane cewa labari biyu ne suka tsiro a ƙasa ɗaya, kowane ɓangare kuma nasa kaɗai ya sani.

Labarin farko na coci ne. A 1821 mahara suka faɗa wa garin Osogun suka kama wani yaro mai suna Ajayi. Maharan Musulmi ne, Yarbawan Oyo da Fulani, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da aka loda shi, suka sauke shi a Saliyo. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da James Frederick Schön, Baturen da ya duƙufa kan rubuta Hausa, kuma a 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko a Cocin Angilikan. Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne yadda ya zauna da Musulmi. Mutumin da aka kama aka sayar yana yaro, shi ne ke zuwa fadar Etsu Masaba na Bida cikin ladabi, ya yi gaisuwa, ya kai tsaraba, ya nemi izini. Ya hori ma'aikatansa su guji gardamar zage-zage, in an yi musu tambaya su amsa da nassi. Bai sassauta bangaskiyarsa ba ko kaɗan, bai kuma mai da tsohon ciwonsa takobi ba.

Sai ga wasu samarin Turawa masu zafin kai, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson da abokansu, sun iso Lakwaja a 1890 da burin kai bishara ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suka shiga koyon harshenmu. Amma kafin su taka ƙasar Hausa sai suka juya kan ma'aikatan Crowther, baƙaƙen fata waɗanda suka yi shekara talatin suna fama da zazzaɓi da talauci a bakin kogi, suka ce ba su cancanta ba. A taron Onitsha na watan Agustan 1890 aka dakatar da fastoci a gaban idon tsohon, har da ɗansa Dandeson. Crowther ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, da wannan baƙin ciki. Robinson ya riga shi a 1891, Brooke ya bi a 1892, babu wanda ya ga Kano a cikinsu. Daga nan ba a sake danƙa wa baƙar fata ragamar wata dayosis a wannan yanki ba sai da aka shiga shekarun 1950. A 2014 ne Akbishop Justin Welby ya fito fili a Canterbury ya nuna nadamar coci kan abin da aka yi wa Crowther.

Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne saboda mu suka zo. Sun ƙaunaci Bahaushen da ba su taɓa zama da shi ba, suka wulaƙanta ɗan'uwan da ke gabansu, wanda suke cin jibin Ubangiji tare. Turawan wancan zamani sun jera mutanen Afirka hawa-hawa, wai Bahaushe da Bafulatani sun fi mutumin kurmi daraja saboda rubutu da sarauta da sutura, wai mutumin gaɓa da ya yi boko ya lalace. Mu muka ji daɗin yabon, su kuma suka riƙe zafin. Sannan mulkin mallaka ya sa kowa ya zama sandar dukan ɗan'uwansa. A 1863 John Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya kafa ƙaramar rundunar da ake kira Hausawan Glover, tushen sojan Nijeriya. Da irin waɗannan dakaru aka ci Ijebu da yaƙi a 1892. Ke nan Bayarabe ya fara ganin Bahaushe riƙe da bindigar Bature, Bahaushe kuma ya fara ganin ɗan Kudu riƙe da alƙalamin Bature, a matsayin akawu a ofis da tasha, an keɓe shi can Sabon Gari bayan ganuwa. Shi kuwa Baturen yana Ikoyi, bai yarda da ko ɗaya a maƙwabta ba. Har a 1947 otal ɗin Bristol da ke Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki, babban jami'i daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, don fatarsa kawai, sai da gari ya ɗauki zafi Gwamna Arthur Richards ya hana wariya a wuraren jama'a.

Ba na raina aikin 'yan mishan. Bishop Herbert Tugwell ya ja ayari zuwa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, amma Likita Walter Miller da ke cikin ayarin ya dawo ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Daga wannan aiki Wusasa ta fito, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 wanda kakata ta koyi karatu da shi, da mutane irin su Likita R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Sai dai a zamanin Tugwell ɗin nan ne kuma aka yi abin da ya kawo labarin Agege. A 1901 aka ɗauke Bishop James Johnson, baƙar fata, daga cocin St. Paul's da ke Breadfruit a Legas ba da son jama'arsa ba, ta hanyar da suka ɗauka cin fuska ce. Ranar 13 ga Oktoba ɗaruruwan masu sujada suka fice, da Jacob Kehinde Coker a gaba, suka kafa African Church. Johnson kansa bai bi su ba, ya zauna a Angilikan har ya rasu a 1917.

Cocin da ya bar hannun Turawa dole ya ci da kansa. Coker yana da gona a Ifako, nan gefen Agege, shi da abokansa suka sare daji suka dasa koko, a 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Da kuɗin gona aka riƙa biyan fastoci da masu wa'azi. Leburori suna zuwa daga cikin ƙasar Yarbawa su yi shekara, su koma gida da irin koko a ƙunshi da sabuwar bangaskiya a zuciya. Yaran Ifako na yau suna wuce makarantu da majami'un African Church ba su san cewa unguwar ta tashi ne a kan ƙin yarda da raini ba: baƙar fata ya ce shi ma cikin siffar Allah aka halicce shi, zai iya tsayawa gaban bagadi ba tare da Bature ya dafa masa ba.

Labari na biyu namu ne, na goro. Da can fatake Gwanja suke zuwa, tafiyar watanni da jakuna, madugu a gaba. Da Turawa suka karya Asante, sai goro ya koma bin teku daga Akara zuwa Legas. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi arziki da wannan hanya. Titin dogo ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Agege da Ota da Ifo da Shagamu suka lura da abin da Bahaushe ke so, suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu. Koko ya fi samun ƙasa can wajen Ibadan da Ife da Ondo, goro ya zauna a nan. Inda goro yake kuwa, ga tasha, dole Zango ya kafu: masallaci, mahauta, masu masauki, daga baya Sarkin Hausawa da fadarsa, sai kara da abbatuwar Oko-Oba, sai 'yan canji. Manomin nan mai zuwa coci ranar Lahadi ba ya cin goronsa, mai sayensa yana Kano da Sakkwato da Damagaram. Da kuɗin Musulmin Arewa aka sa wa majami'u da yawa kwano a wannan yanki, da gumin manomin Kudu kuma aka ɗaura aure aka raɗa suna a ƙasar Hausa.

Na ga ragowar wannan ciniki da idona a shagon wani dattijo, aminin mahaifina, wanda muke kira Baba Alhaji. Matan Yarbawa ne ke kawo kaya daga ƙauyuka, sun riga sun jiƙa sun ɓare sun shanya, goron na cikin kwanduna an shimfiɗa masa ganye. Yaran shago su zazzage a tabarma su hau tsinta, fari gefe, ja gefe, mai tsutsa a jefa a kwano, ana ƙirga ƙwarya-ƙwarya. Sai a jera a huhu, a yayyafa ruwa, a naɗe da ganye a ɗaure da igiya tamau. Baba Alhaji yana yi musu Yarbanci, su suna mayar masa da Hausa. "Iya, kuɗinki sai mota ta dawo daga Kano." "To, Alhaji, Allah ya kawo ta lafiya." Shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu, kayan dubban nairori. Wasu daga cikin matan da farar rigar cocin Aladura suke biyowa karɓar kuɗinsu. Ban taɓa jin an ce Alhaji ya cinye wa wata ko sisi ba, ranar da matar ɗaya daga cikin yaransa ta haihu kuma, su suka cika gidan da abinci. In mahaifina ya zo hira lokacin salla ya yi, sai Alhaji ya ce, "Malam, riƙe mini shago," ya miƙa masa makullin akwatin kuɗi ya shige masallaci.

Wannan mahaifin nawa ne wata Lahadi, a shekarun 1980, wani abokin aikinsa ya gayyata sujadar godiya a wani babban coci. Ya sa babbar rigarsa ta shadda da hular zanna, ya riƙe hannuna. A bakin ƙofa mai tarbar baƙi ya tare mu, ya dubi Baba daga sama har ƙasa, ya ce masu bara ta ƙofar baya suke jira, sai an tashi. Baba bai ce uffan ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya ɗaga masa. Mutumin ya daburce ya hau ba da haƙuri, ya kai mu kujerar gaba. Da muka fito Baba ya ce mini, "Ba nawa ne ya dame ni ba. Da a ce almajirin ne fa, da gaske ba zai shiga ba?" Har yau wannan tambaya ce ma'aunin da nake auna kowane coci da shi. Kakannin mai tsaron ƙofar nan wataƙila suna cikin waɗanda suka fice daga Breadfruit don an raina fatarsu. Cikin shekara tamanin jikansu ya koyi duban riga ya yanke wa mutum hukunci.

Mu ma ba mu da bakin magana. Na san abin da ake kiran Bayarabe da Inyamuri da shi a zaurukanmu in ba sa nan. Na san yadda ake kallon Bamaguje da mutumin dutse, da yadda ɗan Arewa Kirista ke fama kafin ya sami filin gina ɗakin sujada a garin da aka binne kakansa. Raini ba shi da ƙabila, kowa da wanda yake takawa.

Sai shekarun wuta suka zo. A Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, Kano ta rama kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. A Nuwamba aka yi na Ketu da kasuwar Mile 12, tsakanin 'yan ƙungiyar Yarbawa ta OPC da Hausawa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi bindiga, mu a Agege ƙasa na girgiza a ƙarƙashinmu. Fiye da mutum dubu suka mutu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa inda suka faɗa garin gudu, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, mata da goyo. Ba a cika mako guda ba, ba a ma gama binne su ba, aka hau sara da ƙone-ƙone a Idi-Araba. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna yadda ɗan Adam ke saurin manta cewa jini ɗaya ne a jikinmu ba.

A irin waɗannan ranaku ne ake gwada Kiristan Arewa. A idon mai adda, Batangale da Babirom da Babure da Ba'angashe duk Hausawa ne, tunda Hausa suke yi. Na ji wasu 'yan'uwana suna cewa mu fito mu shaida wa Yarbawa cewa ba ma cikinsu, mu masu bi ne, faɗan ba namu ba ne. Ban ga laifin tsoronsu ba, kuma na san ciwon da suke ɗauke da shi. Akwai wanda ya rasa gida a Kafanchan a 1987, akwai wanda ya binne ƙani bayan Zangon Kataf a 1992, akwai wanda ya gudo daga Kaduna a 2000. Amma duk mai karanta Bishara ya san wanda ya tsaya yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, harshensa na Galili ya tona shi, ya rantse bai san mutumin ba. Fastonmu na lokacin, wani dattijo ɗan ƙasar Tangale, bai yi dogon wa'azi ba. Ya buɗe ɗakin makarantar Lahadi. Masu tura ruwa a kura da masu gyaran takalmi da masu shayi, waɗanda ba su da gidan da za su ɓuya sai rumfa, suka kwana a kan bencinmu. Zumuntar Mata suka ɗora tukunyar tuwo. Wani dikin ya ce, "Baba Fasto, in an ƙona mana coci fa?" Ya ce, "Ɗana, sai mu sake ginawa." Da asuba wani dattijon ikilisiya ya jera musu butoci ya nuna musu gabas. Mai gidan da muke haya, wata tsohuwa Bayarabiya, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, duk saurayin da ya leƙo ta kira shi da sunan uwarsa ta kore shi.

Ba mu kaɗai muka iya wannan ba. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban maharan ya ƙi ba da su. Na tabbata da labari ya juya, da Baba Alhaji haka zai yi mana.

Wasu masu bi suna ɗauka cewa maganar ƙabila siyasa ce, ba ta shafi ruhaniya ba. Su koma sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Gardamar farko da ta taso a ikilisiyar Urushalima ba ta koyarwa ba ce, ta rabon abinci ce: Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a yi addu'a kawai ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, dukansu masu sunayen Helenanci, aka danƙa musu rabon. Wato ɓangaren da aka tauye shi aka ba ludayi. Da an yi wa Crowther haka a Onitsha, da tarihin coci a ƙasar nan ya canza. Da kuma majami'un Legas masu dubban mabiya za su tambayi kansu ko akwai ɗan Arewa ko ɗaya a majalisar dattawansu, da majami'unmu na Hausa za su tambayi kansu yaushe rabon da su gayyaci maƙwabcinsu Bayarabe ko limamin unguwa cin abincin Kirsimeti, da an rage wa'azin ƙauna an ƙara aikinta.

Agege ta canza. Gonakin Coker sun zama gidaje, gadar Pen Cinema ta haye titin dogo tun 2021, cinikin goro ya ja baya. Amma 'yan ci-rani ba su daina sauka daga tirela ba, yanzu ma har da waɗanda Boko Haram da 'yan bindiga suka koro daga Borno da Zamfara, Musulmi da Kirista a mota ɗaya. An yi rikici a Mile 12 a 2016, an yi a Fagba a Oktoban 2020, an yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ba kuma wanda zai rantse an gama. Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, kada ku jira sai hayaƙi ya tashi. Ku je fadar Sarkin Hausawa ku yi gaisuwa, ku san limamin layinku da baale, wato mai unguwarku na Yarbawa, ku karɓi lambar wayarsu su karɓi taku. Ku zauna tun yanzu ku yanke wane ɗaki za a buɗe, wa zai riƙe makulli, ku kuma gaya wa mai tsaron ƙofa cewa ba a tambayar wanda ya zo a guje addininsa ko garinsu.